Jirgin Filafili Mai Tuƙa Kansa a Tafkin Lagdo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna bakin tafkin Lagdo, kudu da Garwa a ƙasar Kamaru, inda aka datse kogin Binuwai. Ga jirgin nan: babu injin da ke tura shi, babu matuƙi, filafili ne kawai da iska.

Bari in buɗe akwatin ku gani. Wannan allon Pixhawk ne, 'yar kwamfutar da ke sarrafa jirgin, da manhajar tuƙi ta ArduPilot a kansa. GPS na gaya masa inda yake, kamfas na nuna inda hancinsa ya dosa, 'yar tutar saman sandar can kuma ita ke faɗin ta inda iska ke zuwa. Ƙananan injinan nan biyu sarbo ne, ɗaya na juya allon tuƙi, ɗaya na ja da sakin igiyar filafili. Ku ware musu layin wuta daban. In suka ja da ƙarfi wuta kan faɗi, allon Pixhawk ɗin ya ɗauke a tsakiyar ruwa.

Inda aikin yake shi ne iska. Jirgin filafili ba ya fuskantarta kai tsaye. Kimanin digiri 45 dama da hagu na inda take fitowa, ba ya shiga. Yanzu hunturu ne, tana busowa daga arewa maso gabas. In can aka aike shi, dole ya riƙa tafiya a karkace, ya yi dama, ya juyo hagu. A wurin juyowar nan yake maƙalewa. In gudunsa bai kai ba, sai hancin ya cije cikin iska, filafilin na ta kaɗawa a banza, allon tuƙi kuwa ba ya kama komai sai ruwa na gudana a jikinsa. Don haka a tsara shi ya fara kaucewa iskar kaɗan ya tara gudu, sannan ya juya. In ya kasa, ya zagayo ta baya.

Kamfas kuma, don Allah ku nisanta shi da batir, wayoyin wuta da duk wani ƙarfe. Kada a daidaita shi sai an gama ɗaura komai. GPS ba zai maye gurbinsa ba, domin in jirgi na tafiya a hankali alƙiblar da yake bayarwa rawa take yi.

Tarun masunta da ciyawar ruwa, babu na'urar da ke ganinsu a jirgin nan. Ku tambayi masunta inda suka shimfiɗa taru kafin ku sa hanya, rimot kuma ya zauna a hannu. To, mu sa shi a ruwa.