Masu riƙe gidan masu zane: daga Mbari zuwa Bisi Silva

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam da Auta. Yau za mu tattauna a kan shugabannin ƙungiyoyin sa-kai da ke tallafa wa masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto, waɗanda ba a cika ganin fuskarsu ba. Malam, kai ka nace sai mun yi wannan zance.

Malam: Wa alaikumus salam. Na nace, Hajiya, saboda idan an je baje kolin zane, ana yaba mai zanen, amma ba a tambayar wa ya biya kuɗin hayar ɗakin, wa ya zuba wa janareto mai. Kuma wadda nake so mu fara da ita ita ce marigayiya Bisi Silva.

Auta: Ta Legas?

Malam: Ita. A ƙarshen 2007 ta buɗe cibiyar fasahar zamani da aka fi sani da CCA, a unguwar Yaba. Ba kanti ba ne, ba ta buɗe don cinikin zane ba. A lokacin mafi yawan wuraren baje koli a Legas abin da zai sayu suke ratayewa. Mai ɗaukar hoto, ko mai aiki da bidiyo, ko wanda ke haɗa aikinsa da ƙarafa da tsummoki, da wuya ya samu inda zai nuna. Ita ta ba su wuri.

Auta: Amma Malam, na ji cewa ita kanta ba mai zane ba ce.

Malam: Ba mai zane ba ce. Tsara baje koli ta karanta a Landan, kuma ta ƙware har aka ba ta jagorancin babban bikin hotuna na Bamako a 2015.

Auta: To ni a nan nake da ja. Wanda bai taɓa kwana yana kallon allon da ya ƙi kammaluwa ba, ta yaya zai san ciwon mai zane? Dubi Bruce Onobrakpeya. A Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Da ya girma ya kafa gidauniyarsa, tun 1998 yake tara masu fasaha a Agbarha-Otor a jihar Delta lokacin hunturu, manya da ƙanana suna aiki tare. Ya san abin da suke buƙata don ya sha irin wahalarsu.

Hajiya: Gaskiyarka Auta, amma bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Na riƙe ma'ajin wata ƙungiya ta mata masu saƙa da ɗinkin hula a unguwarmu. Shugabarmu gwana ce, duk wanda ya ga aikin hannunta sai ya tsaya. Aka ce wata hukuma za ta ba mu tallafi, suka nemi takardar rajista da bayanin asusun banki da lissafin shekarar da ta wuce. Muka buɗe jakar ƙungiya, abin da ke ciki littafin makaranta ne mai shafi arba'in, rabinsa sunayen masu zubin adashi, wasu shafukan ruwa ya taɓa su. Ba wanda ya ci ko sisi, wallahi. Amma tallafin ya wuce mu, kuma har yau abin yana min ciwo, domin matan nan sun cancanta.

Malam: Allah sarki. Wannan shi ne aikin da ba a gani. A Najeriya, ƙungiya irin wannan sai ta je hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta yi rajista da sunan amintattu, aƙalla mutum biyu. A buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Bayan nan duk shekara sai an kai rahoto. Mai zane nawa ne zai bar fenti ya bi wannan layi?

Auta: Wato dai sai an samu mai hannu da kuma mai biro.

Malam: Sai an samu. Kuma abin da ya fi burge ni game da Bisi Silva ba baje kolin ba ne, ɗakin karatun da ta tara ne. Littattafai dubbai a kan fasaha, musamman ta Afirka. Yawancin irin waɗannan littattafai a Turai da Amurka ake buga su, da tsada, ɗalibin Najeriya sai ya gama karatu bai taɓa riƙe littafin da aka rubuta a kan mai zanen ƙasarsa ba. Ita kuwa duk tafiyar da ta yi sai ta dawo da littattafai, ta roƙi abokan aiki su aiko. Ga kwalejin fasaha ta Yaba a kusa. Ka yi tunanin yaro ya shigo, ya zauna ya buɗe kundin hotunan J.D. 'Okhai Ojeikere na kitson mata, ya gane ashe kan mahaifiyarsa ma abin nazari ne. Wannan ba ya fitowa a jarida, amma shi ke raya masu fasaha.

Hajiya: Har makaranta ta yi, ko?

Malam: Asiko, daga 2010. Ba ta da gini nata, yawo take. An fara a Legas, aka je Accra, Dakar, Maputo, Addis Ababa. A tara matasa daga ƙasashen Afirka na wasu makonni, su yi karatu, su soki aikin juna.

Auta: To kuɗin fa? Tunda ba ciniki ake ba.

Hajiya: Yauwa, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi.

Malam: Mafi yawa daga gidauniyoyi da cibiyoyin al'adu na waje, sai aljihun masu abin. Kuma akwai tarihi a nan. Ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, su Bajamushen nan Ulli Beier da Wole Soyinka da Chinua Achebe da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu, ta yi aikin da ba a mantawa. Ta buga littattafai, ta baje kolin masu zane irin su Ibrahim El-Salahi na Sudan. Daga cikin masu ba ta kuɗi akwai wata ƙungiyar al'adu mai hedikwata a Paris. A wajajen 1966 zuwa 1967 sai ta fito fili cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ke zuba wa waccan ƙungiya kuɗi ta bayan fage.

Auta: Inna lillahi! Su kuma suna ta aikinsu da zuciya ɗaya.

Malam: Wannan bai rage darajar ayyukan ba a wurina. Amma shugaba dole ya tambayi daga ina kuɗi ya fito, kuma me mai bayarwa ke so.

Hajiya: Ni abin da ya fi damuna shi ne ranar da mai gidan ya kau. Mbari ta Ibadan ina take?

Malam: Beier ya bar Najeriya a 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, marubucin waƙoƙi Christopher Okigbo, ɗaya daga cikin 'yan Mbari, ya mutu a fagen daga, mutane suka watse. Ba ta sake komawa yadda take ba.

Hajiya: Ka gani. Bisi Silva kuma ta rasu a watan Fabrairun 2019, tana da shekara 56. Mutane da yawa sun ji tsoron za a rufe.

Malam: Ba a rufe ba. Akwai amintattu, akwai waɗanda ta horar. Oyindamola Fakeye, wadda ta daɗe tana hulɗa da cibiyar, ta karɓi ragamar daga baya, kuma makarantar Asiko ta ci gaba.

Auta: Hajiya, to mu nan Arewa fa? Marinan Ƙofar Mata, dukawa, masu zanen allo, marubuta, matasa masu zane a kwamfuta. Ƙungiyoyi muna da su, amma da an yi zaɓe sai rigima, a rabu biyu.

Hajiya: Saboda ana kallon kujerar a matsayin sarauta. Ni da za a tambaye ni, kafin a zaɓi shugaba a fara zaɓen sakatare da ma'aji da suka iya rubutu da lissafi, a sa hannun mutum biyu kafin a cire kuɗi a banki, a rubuta wa'adi a tsarin mulki a kuma bi shi. Kuma kowane shugaba ya riƙa tafiya taro da wani matashi a gefensa.

Auta: Ni dai har yanzu ina kan bakana, Malam. A cikin amintattu lallai a sa masu sana'ar da kansu, kada masu biro su riƙa yanke musu hukunci.

Malam: Na yarda da wannan, matuƙar za su riƙa zuwa taro.

Hajiya: Masu sauraro, wanda ke riƙe da irin wannan ƙungiya a garinsu ya aiko mana da saƙon murya, ya gaya mana yadda suke tafiyar da asusunsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.