Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya daga Kwamitin Ma'aikatan Jinya da Ungozoma na Gunduma

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma, iyayenmu mata, malamai, barkanku da zuwa.

Aikinka ya riga ka isowa, ranka ya daɗe, don haka ba za mu tsaya yabo ba. Buƙatarmu za mu fara ajiyewa: a ba asibitin nan maganin kariya daga ƙanjamau daidai shan yara, wanda ake ba yaron da aka yi wa fyaɗe, mu riƙa ajiye shi a nan.

Da aikin gayya iyayenmu suka gina ɗakin shan maganin nan, tun ba kwalta. Matan nan da ke zaune su ne suka bi gida-gida da ɗigon shan-inna har aka tabbatar a 2020 cewa cutar ta bar ƙasar nan. An yi mana tafi, babban asibiti kuwa ya tafi maƙwabta.

Uwa ba ta zuwa ta ce an lalata mata yarinya. Cewa take zazzaɓi ne, ko yarinyar ta ƙi zama, ko fitsarin kwance ya dawo. Nas ce za ta lura, ta ja su gefe. Ba a tsare yaro da tambaya. Abin da ya faɗa shi ake rubutawa, da kalmominsa. A duba jiki, a zana gurbin kowane tabo, ƙuna ce ko shatin bulala. Tufafin a ambulan na takarda ake sa su, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Sai allurar tetanus da ta ciwon hanta, maganin cututtukan sanyi, da na hana ɗaukar ciki cikin kwana 5 idan yarinya ta fara al'ada. Sannan a sanar da jami'in walwala da 'yan sanda.

Maganin ƙanjamau kuwa sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, a sha kwana 28. Iyali kan cinye kwana biyu ana "a rufa asiri", don sau da yawa mai laifin kawu ne ko maƙwabci, wani lokacin ma shi ke ciyar da gidan. Su iso rana ta uku, mu tura su birni, ba kuɗin mota. Lokaci ya wuce ke nan.

Wanda ya samu ma sai an bi shi gida, don tashin zuciya kan sa a daina sha. A can nas ke zama da uwa, ta hana a doki yarinyar ko a cire ta daga makaranta, ta tuna musu ranar sake gwajin jini.

Muna kuma roƙon ɗaki mai ƙofa, don yanzu labule ne tsakaninmu da layin awo, da babur na bibiya. Amma idan ɗaya za a yi mana, ranka ya daɗe, maganin nan ne. Durowar ajiyarsa mun riga mun haɗa kuɗi mun saya, har da kwaɗo.

Allah ya mayar da kai gida lafiya.