Daga Kano Zuwa Zariya A Kan Keke: Yadda Ake Shiri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai ga keke na jingina shi a nan gabana, saboda tambayar da ake ta yi min ita ce wai mutum zai iya tashi daga Kano ya je Zariya a kan keke? Zai iya mana, ai iyayenmu sun yi tafiyar da ta fi wannan a kan Raleigh ɗinsu mai giya ɗaya, da kaya ma a kariya. Amma fa ba haka kawai za ka tashi da safe ka ce bismillah ka ɗau hanya ba. Kano zuwa Zariya wajen kilomita 140 zuwa 150 ne, ya danganta da unguwar da ka tashi, kuma mutum irina da irinka in yana tafiya a natse kilomita 15 yake ci a awa, to lissafa ka gani, awa goma kenan kana murza feda, ban da hutu ban da sallah ban da faci. Shi ya sa in karonka na farko ne ni shawarata raba ta kwana biyu, ka kwana wajen Kwanar Ɗangora ko kusa da nan in kana da wanda za ka sauka wurinsa.

To bari mu fara da jikinka kafin keken. Ka ba kanka sati huɗu ko shida. Satin farko kilomita 15 ko 20 ya isa, sau uku a sati, sannan kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wanda ke Kano ya je Kura ya dawo, wannan wajen 60 kenan zuwa da dawowa. In ka yi haka washegari ka tashi kana iya takawa lafiya, to ka fara kama hanya. Kuma wannan gwajin don Allah ka yi shi da duk kayan da za ka tafi da su, da ruwan da jakar da komai, a ɗaure yadda za ka ɗaure su ranar tafiya. Nan ne za ka gane igiyar kariya tana kwancewa, ko wandon nan yana goge maka cinya, ko takalmin yana matse ɗan yatsa. Abin da bai dame ka a minti ashirin ba, wallahi a awa ta biyar shi zai sauke ka daga kan keke.

Sirdi. Ku matso ku ga wannan, don nan yawancin mutane ke cutar kansu. Za ka ga mutum ya sauke sirdi ƙasa sosai wai don ƙafarsa ta riƙa taɓa ƙasa, yana tuƙi gwiwa na kusan dukan ƙirji. A cikin gari ba komai, amma a doguwar tafiya gwiwar za ta kama wuta. Ga yadda ake aunawa: ka hau, ka dafa bango, ka ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. In ta miƙe, to da ka dawo da tafin ƙafa wajen yatsu za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, yawwa, daidai kenan. Kuma kar ka sayi sabon sirdi ana gobe tafiya, wanda jikinka ya saba da shi shi ne naka.

Keken kuma a kai shi wurin mai gyara sati guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ka samu ka hau ka ji ko gyaran ya zauna. A duba birki gaba da baya, a wanke sarƙa a sa mata mai, a duba boris a sa giris, in taya ta suɗe a canza ta kawai kar a yi ta lallaɓawa. Ka juya ƙafar keken ka ga ko tana rawa, in tana yi a ɗaure wayoyin.

Kayan faci kuwa ga su: famfo, tiyub sabo guda biyu, sholisho, ɗan faci, sifana mai lambar notin kekenka, filaya. Kuma ka koyi yin facin da hannunka a gida tun kafin ka fita, don tsakanin wani ƙauye da wani za ka iya tura keke awa guda ba ka ga mai faci ba. Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Ni ya taɓa faruwa da ni, na sauka gefen titi na taka ƙaya, na cire tiyub na sa sabo, ban yi tafiyar minti goma ba iska ta sake fita. Ashe ƙayar tana nan maƙale a cikin tayar, kanta kawai ya leƙo kamar bakin allura. Tiyub biyu a wuri ɗaya. Saboda haka kafin ka mayar da tiyub, zura yatsa a hankali ka zagaye cikin tayar gaba ɗaya, sai ka tabbatar ba komai.

Sai ruwa, kuma nan ba wasa. Kar ka jira ƙishirwa, kurɓa kaɗan duk bayan kwatan awa, ka ɗauki aƙalla lita biyu zuwa uku kana cikawa a kowane gari. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba har da gishiri. Gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da suga irin wanda ake ba yara masu gudawa, lita ɗaya, suga ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ka ga fitsarinka ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. In kuma ka ji jiri, kai na sarawa, ko gumi ya ɗauke alhali rana na duka, sauka nan take ka nemi inuwa ka jiƙa kai da riga, in bai lafa ba a nemi asibiti, kar ka ce bari in ƙarasa. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, dabino, ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, in ka samu fura da nono mai tsafta ka sha. Tuwo mai nauyi bari sai dare.

Lokaci. Ni ba na ba kowa shawarar Maris zuwa Mayu, zafin nan yana haura digiri 40. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, kuma ga wani abu da mutane ba sa lura, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to mai zuwa Zariya daga Kano tana bayansa tana ɗan tura shi, amma a dawowa da ita za ka yi ta kokawa, don haka ka ware wa dawowa lokaci fiye da zuwa. Ka shafa man kaɗanya a leɓe da hannu, ka rufe hanci saboda ƙura. Tashi da an idar da asuba gari ya fara haske, ka ci rabin tafiyar kafin rana ta take, ka huta daga azahar zuwa la'asar, kafin magariba ka sauka. Tafiyar dare babu ita sam.

Titi kuma na manyan motoci ne, tirela in ta wuce iskarta kaɗai tana iya jefar da kai, saboda haka riƙe kan keke da hannu biyu, ka tsaya can gefen damanka, ban da sa abin jin waƙa a kunne. Riga mai haske, hular kwano, fitila gaba da baya. Ku tafi ku biyu ko uku in da hali. Kafin ka fita ka leƙa tasha ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a satin, su ne suka fi kowa sani, in sun ce a dakata to a dakata. Ka faɗa wa mutanen gida garuruwan da za ka bi, Kura, Ciromawa, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Hunkuyi, duk inda ka isa ka buga musu waya, wayar a cike da caji, da katin shaida, da 'yan canji a aljihu biyu daban-daban.

A darasi na gaba insha Allah zan cire tayar bayan nan a gabanku mu yi facin tare daga farko har ƙarshe, kowa ya tanadi famfonsa da sholisho. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.