Harafin "l" da ya ci shekaru: lacca kan lissafin long double a FreeBSD

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Jama'a, a 1999 aka fitar da ƙa'idar harshen C da ake kira C99. Cikin abin da ta wajabta har da cewa ayyukan lissafi irin su sin da exp da pow kowannensu ya samu ɗan'uwa mai harafin "l" a ƙarshe, wato sinl, expl, powl, domin lambobin long double, wato nau'in lamba da ya fi double na yau da kullum daidaito. Faɗa da baki ba wuya. Amma FreeBSD, wadda tsarin aikin kwamfuta ce irin Linux, ta haura shekara goma ba ta cike wannan giɓi ba.

Mu fara da mudun awon. Lambar double tana da bit 53 na daidaito, kusan alƙaluma 16 ke nan. Long double ta injinan Intel, wadda ta samo asali daga na'urar lissafi ta 8087 ta 1980, tana da bit 64 na daidaito cikin jimillar bit 80, alƙaluma kusan 19. A FreeBSD ta injinan ARM masu bit 64 kuwa, bit 113 ne na daidaito cikin jimillar bit 128. Suna ɗaya, mudu daban-daban. Shi ya sa in ka leƙa msun, ma'ajiyar lissafin FreeBSD, za ka tarar da jaka biyu, ld80 da ld128. Aiki ɗaya, rubutu biyu. Ita kuma fdlibm, ma'ajiyar lissafin kamfanin Sun ta 1993 wadda FreeBSD ta gada, double kaɗai ta sani.

A 2013, ana shirin fitar da FreeBSD 10, sai aka yi wata dabara. Aka buɗe fayil mai suna imprecise.c, inda powl da tgammal da 'yan'uwansu ke karɓar lambarka, su rage ta zuwa double, su kira tsohon aikin, su miƙo maka amsa. Ni ban ga laifin masu gina FreeBSD ba. Manhajoji sun ƙi haɗuwa saboda rashin waɗannan ayyuka, kuma masu ginin ba su ɓoye ba, don gargaɗi na fitowa lokacin haɗa manhaja. Sai dai ku dubi abin da ke faruwa a lokacin. Nemi 10 a ninka shi da kansa har sau 400. Long double tana ɗaukar lamba har wajen 10 mai iko 4932, ko gezau. Double kuwa a wajen 10 mai iko 308 take tsayawa. To, powl ɗin aro sai ta ce maka amsar ba ta da iyaka. Ba ƙwayar hatsi ce ta zube ba, buhun ne gaba ɗaya.

Wani ɗalibi ya tambaye ni ɗazu, "Malam, me zai hana a ƙara tsawon lambobin kawai?" Ai ba ya yiwuwa. Kowane aiki a cikinsa akwai jerin lambobin kusantarwa da aka ƙirga daidai da bit 53. In mudu ya sauya, sai an sake ƙirga su daga tushe. Sinl ma, in ka ba ta ƙatuwar lamba, dole ta rage ta da pi, wanda ke buƙatar dubban bit na pi a ajiye.

Gwaji shi ne mai cin rai. Lambobin float, ƙanwar double mai bit 32, biliyan 4 ne da 'yan kai, kwamfuta za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu bit 80 fa? Har jikokinka ba su gama ba. Sai dai ka tsinci miliyoyi, ka kwatanta da MPFR, wata ma'ajiyar lissafi mai ba da amsa da duk daidaiton da ka nema, kana neman kuskuren ya gaza alƙalami ɗaya a bit na ƙarshe. Irin wannan aikin ne Steve Kargl da Bruce Evans, masu gina FreeBSD, suka yi ta yi shekara da shekaru, aiki ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin sallah ya gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu.