Sunayen Ƙananan Kuɗin Rumawa da Asalinsu

Bari mu fara da wata tsabar kuɗin tagulla ta zamanin Rumawa. A fuska ɗaya akwai kan Hercules, gwarzon tatsuniyoyinsu, a ɗaya fuskar akwai goshin jirgin ruwa, sannan ga ɗigo uku a jere. Rumawa suna kiranta quadrans, wato rubu'i a harshen Latin, kuma ɗigon nan uku su ne suke faɗa wa wanda bai iya karatu ba darajarta.

Tushen lissafin shi ne as, kuɗin tagulla wanda tun asali aka ƙaddara nauyinsa a kan libra guda, kimanin giram 327, aka kuma kasa shi kashi 12, kowane kashi ana ce masa uncia. Saboda haka semis rabi ne, triens sulusi, sextans sudusi, quadrans kuwa rubu'i, wato uncia uku, abin da ɗigon nan uku suke nunawa ke nan. Shi quadrans ya ƙanƙance har ya zama kuɗin da namiji yake biya ya shiga gidan wankan jama'a a birnin Rum, kuma da shi ne Linjilar Markus ta auna 'yar sadakar matalauciyar da mijinta ya rasu.

Sunan da ya fi ban sha'awa a wurina shi ne sestertius, wanda aka harhaɗa daga semis tertius, ma'ana rabin na uku: as biyu cikakku, na ukun kuma rabi.

Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suna tsakiyar yaƙi da Hannibal, jagoran sojojin Carthage, aka fito da denarius na azurfa, kuma sunansa daga goma-goma yake, domin as 10 ne canjinsa. Bayan kimanin shekara 70 aka mayar da canjin as 16, amma ba a taɓa sunan ba, duk da cewa lissafin ya riga ya ƙaryata shi. Daga denarius Larabawa suka sami dinar, kamar yadda suka sami fals da jam'insa fulus daga follis, kalmar da asalinta jakar fata take nufi. Daga dinar ɗin ne Hausa ta sami zinariya. Harafin d ma da ake rubutawa bayan adadin kwabbai a Najeriya, kafin zuwan naira a 1973, harafin farko ne na denarius.