Sandar Nan Ta Ƙasan Sitiyari, Ta Mece Ce?

Bala: Tun ranar Juma'a zaurenmu na WhatsApp bai huta ba. Wani ya rantse in ka danna SET a sandar nan ta ƙasan sitiyari, motar ce za ta tuƙa kanta.

Ummi: Ni shekara uku ina jan 'yar Camry ɗita, ban taɓa kai hannu kan sandar nan ba. Na ɗauka ta wankin gilashi ce.

Kabiru: Haba Hajiya! Kurus kwanturol ke nan, mai tsayar da mota a kan gudu ɗaya, kuma totur kaɗai yake riƙe miki. Sitiyari da ido suna wuyanki. Maɓallin da ke bakin sandar shi ne ON, in kin danna alama za ta fito kusa da maleji, amma bai kama aiki ba tukuna. Sai kin kai gudun da kike so, ki danna sandar ƙasa, SET ke nan, ki ɗauke ƙafa. Ƙasa da kilomita 40 a awa ba zai ma saurare ki ba.

Ummi: In rami ya ɓullo fa?

Kabiru: Ki taɓa birki kawai. Makunnin da ke kunna danjar baya shi ke gaya wa kwamfutar mota ta saki totur. Shi ya sa in kurus ya ƙi kamawa nake cewa a fara duba makunnin nan kafin a zargi sandar. Kin wuce ramin, ki ɗaga ta sama, RES, ta koma gudun ɗazu.

Bala: Ashe tana da hadda.

Kabiru: Ta fi ka. Abin da ke burge ni, a motoci da yawa waya biyu kacal ke ɗaukar saƙon maɓallan duka. Kowanne da gwargwadon yadda yake rage ƙarfin wuta, da haka kwamfutar ke gane wanda aka danna. Masu maɓalli a fuskar sitiyari kuwa, wayar nannaɗe take a ciki kamar tabarma. Ranar da ta tsinke, hon ya mutu, fitilar iyabag (jakar iskar nan ta kariya a haɗari) ta kama, kurus ya ɗauke, sai wajen rewaya.

Bala: Wai da gaske makaho ne ya ƙirƙiro shi?

Kabiru: Ralph Teetor, injiniya a jihar Indiyana ta Amurka. Yana ɗan shekara 5 ya makance. An yi masa rajistar fasahar a 1950, Chrysler ta fara sa ta a mota a 1958. Ana cewa lauyansa ne ya ishe shi: in yana magana ya rage gudu, in yana saurare ya ƙara.

Ummi: Wallahi Bala ke nan!

Bala: Ni kuma?

Ummi: Ranar ɗaurin aure a Zariya, kana ba da labarin ƙwallo har mai Keke Napep ya wuce mu.

Bala: Sabon keke ne.

Ummi: Da buhun albasa uku a baya!

Kabiru: Ai da kai ne lauyan, da Teetor ya gama aikin nan cikin mako guda.

Bala: Albasar ba ta kai uku ba. To, mun ce za mu yi maganar ruwan sama, ga lokaci ya tafi.

Kabiru: In kwalta ta jiƙe, a kashe kurus. A gangara ma na gargajiyar ba ya taka birki, kuma...

Bala: Sai mako mai zuwa. Ummi, a gwada sandar.