Gwanjon intanet: yadda ake wanke mutum yana murnar ya ci tayi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar gwanjon intanet za mu yi, wato irin shafukan nan su eBay da mutum zai ɗora kayansa a yi ta tayi, wanda ya fi kowa tayi kafin lokaci ya cika shi ke ɗauka. Bari in fara da wani abu da ya faru a Ingila a ƙarshen 2013, lokacin da na'urar wasan bidiyo ta Xbox One ta fito ana rububinta, wani saurayi ya gan ta a eBay ya biya fam 450, ya zauna yana jira, ranar da saƙo ya iso ya buɗe sai ya tarar da hoton na'urar ne kawai aka buga a takarda aka aiko masa. Kuma abin haushin, a cikin bayanin kayan an rubuta cewa hoto ne, shi ne ya ga an sa tallan a ɓangaren na'urorin wasa ya ɗauka ai ba komai. An dai dawo masa da kuɗinsa daga baya, saboda ta cikin shafin ya biya. Ku riƙe wannan, don kusan duk abin da zan faɗa a bidiyon nan a kansa yake tafiya.

Shi sayayya a irin wannan wuri cinikin biri a sama ne, ba ka taɓa kaya ba, ba ka ga mai kaya ba, hoto da rubutu kawai ka gani. Tun farkonsa haka yake, shekarar 1995 da Pierre Omidyar ya buɗe shafin eBay, lokacin ma sunansa AuctionWeb, ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka sayar 'yar fitilar leza ce wadda ta lalace, a kan dala 14.83, kuma mai sayen ya san a lalace take. Kaga wannan ciniki ne na gaskiya, an faɗa maka abin da ake sayarwa ka saya da saninka. Matsala tana farawa ne inda aka ɓoye maka, ko aka ja ka waje.

To mu fara da tayin boge, don shi ne wanda mutane da yawa ba sa ma sanin an yi musu. Yadda tsarin yake, kai za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, a ce dala 200, shafin ba zai nuna wa kowa wannan adadin ba, shi zai riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce ka har sai an kai iyakarka. Toh sai mai kayan ya buɗe wani akawun na biyu, ko ya sa abokinsa, ya riƙa tayi a kan kayansa da kansa, ba don ya saya ba, don dai ya tura ka sama. Kayan da da za ka samu a 120 sai ka tashi a 195 kana murna wai ka doke wani, alhali babu wani ɗin, mai kayan ne yake wasa da kai. Wasu ma sai su zabga tayi mai yawa har iyakarka ta bayyana, sannan su janye tayin su ce kuskure ne, su dawo su tsaya dab da ƙasanka.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2000 wani lauya a Amurka mai suna Kenneth Walton ya ɗora wani zane a eBay, ya sa masa hannu na jabu yadda mutane za su zaci aikin shahararren mai zane Richard Diebenkorn ne, shi kuma ya yi kamar bai san darajar abin da ke hannunsa ba, shi da abokansa suna ta tayi da akawun daban-daban, zanen nan sai da ya kai dala 135,805. eBay ta soke cinikin, daga baya ya amsa laifinsa a kotu. Abin da nake so ku lura da shi a nan, ba yabon kayan ya yi ba, barin mutane ya yi kowa ya ji shi ne mai wayon da ya gano abin da mai kaya bai gano ba, kwaɗayin nan shi ne ƙugiyar.

Yadda za ka gane, buɗe tarihin tayin kayan ka duba. In ka ga wani akawun sabo fil wanda bai taɓa sayen komai ba, kullum yana biye da kai da ƙari ɗan mitsitsi, ko kuma kusan duk tayinsa a kan kayan mutum ɗaya ne, ko ya cika janye tayi, to ka ja baya. Ni dai abin da na fi yarda da shi, tun kafin ka shiga ka je ka duba nawa aka sayar da irin wannan kayan a baya, ba nawa ake nema ba, nawa aka biya, ka yanke iyakarka, ka sa ta sau ɗaya kusa da ƙarshen lokaci ka cire hannunka. Don minti biyun ƙarshen nan agogo na gudu zuciya na bugawa, wallahi mutum sai ya biya kuɗin sabo a kan tsohon kaya don kawai kar a ce an kayar da shi.

Sai kuma wanda ya fi cin mutane, wato a fitar da kai daga shafin. Ka yi tayi ba ka ci ba, kana cikin jin haushi sai ga imel, wai wanda ya ci ya kasa biya, ko kana so a ba ka a farashin da ka taya, amma fa ka yi sauri akwai wasu a layi. Shi wannan tsarin na ba da dama ta biyu akwai shi da gaske a eBay, shi ya sa damfarar take shiga, amma na gaskiyar a cikin akawun ɗinka za ka gan shi, kuma a cikin shafin za ka biya. Saboda haka kar ka latsa komai a imel ɗin, rufe shi, buɗe manhajar da kanka ka duba saƙonninka, in babu shi a can to babu shi ke nan.

Wani kuma mai kayan ne zai ce maka, ɗan'uwa shafin nan kamasho suke cirewa da yawa, mu koma WhatsApp in rage maka. Da ka koma shikenan, duk wata kariya ka baro ta a baya. Zai ce ka tura ta Western Union ko MoneyGram, ko ka sayi katin kyauta ka kankare ka turo masa lambar, ko Bitcoin, ko ma ta PayPal, shafin nan na biyan kuɗi ta intanet, amma ka zaɓi ɓangaren 'yan uwa da abokai don kar a caje shi. Duk hanyoyin nan abu ɗaya ya haɗa su, in kuɗi ya fita ba ya dawowa. Na PayPal ɗin ma ya fi yaudara saboda mutum yana ganin sunan sai hankalinsa ya kwanta, bai san ɓangaren 'yan uwa da abokai ba ya cikin kariyar mai saye ba, kyauta ka yi a wurinsu. In kayan mai tsada ne kamar mota sai su kawo maka wani kamfani wai shi zai riƙe kuɗin amana har kaya su iso, shafi tsaf da tambari da komai, ashe su suka ƙirƙire shi makon da ya wuce. Irin kamfanonin akwai na gaske, Escrow.com misali, amma in mai kaya ya nace sai nasa da ba ka taɓa ji ba, ka san inda aka dosa.

Maganar shaidar da masu saye ke barin wa mai kaya, kar ka tsaya a kan ganin kashi 100 kawai, shiga ciki ka karanta. Wani zai sayar da tarkacen abubuwa masu arha guda ɗari ya tara yabo, sannan rana ɗaya ya ɗora wayoyi masu tsada guda ashirin. Wani kuma yabon duk na saye ne, bai taɓa sayarwa ba. Akwai ma wanda akawun ɗin na mutumin kirki ne da ya shekara goma yana sayar da littattafai, aka sace masa kalmar sirri, kwatsam sai ga kyamarori a rabin kuɗi. Hoton kayan ma ka ɗauka ka sa a Google Lens, wato manhajar Google mai binciken hoto, in ya fito a wasu shafuka goma to ba nasa ba ne, ka ce ya ɗauko maka sabon hoto da takarda a gefe an rubuta kwanan watan yau da hannu, mai gaskiya minti biyar ya gama.

Jabun kaya kuwa sai dai a yi shiru. Kamfanin kayan ado na Tiffany ya taɓa sayen kayan da ake sayarwa da sunansa a eBay don gwaji a 2004, ya ce kusan kashi 73 cikin ɗari jabu ne, har suka je kotu, kotu ta ba eBay gaskiya. Yanzu dai tun 2020 sun kawo tsarin tantance wasu kaya kamar agogo da takalma masu tsada, kayan sai sun biya ta hannun masu dubawa kafin su iso gare ka, in akwai wannan alamar a kan talla ya fi kwanciyar hankali.

To a ce ka biya ta hanyar da ta dace, saura isowar kaya. Akwai wata dabara da suke yi, su aika kwalin banza zuwa wani adireshi daban a yankinku, lambar bin sawun kaya ta nuna an kai, kai kuma ba ka ga komai ba. Nan sai ka je wurin kamfanin da ya yi dakon, ka nemi su ba ka shaida a rubuce cewa ba adireshinka aka kai ba, har da nauyin kunshin in za su bayar, don nauyin kwamfuta da na kwalin banza ba za su zo ɗaya ba. In kuma kaya sun iso, kunna kyamarar waya tun kafin ka yanka salatif, a ga takardar adireshi, a ga buɗewar, bidiyo ɗaya ba yankewa.

Kuma ka kula da kwanaki, don nan ne suke cin masu haƙuri. Mai kaya zai yi ta lallaɓa ka, yi haƙuri ɗan'uwa yana hanya, kwastan ne suka riƙe, ƙara min mako ɗaya, duk so yake wa'adin ƙorafi ya wuce. A eBay kwana 30 gare ka daga ranar da aka ce kaya za su iso, a PayPal kuma in kaya ba su zo ba kwana 180 daga ranar da ka biya, in da katin banki ka biya shi ma bankinka yana da nasa wa'adin na neman a dawo da kuɗi. Ka shigar da ƙorafin tun da wuri ko da kuna maganar arziki da shi, kuma in ya ce ka rufe ƙorafin tukuna sannan ya turo maka kuɗinka, kar ka rufe, don sau da yawa in ka rufe ba a sake buɗewa, kuɗi su fara shiga akawun ɗinka ka gan su da idonka sannan ka latsa.